Metir Mai Ƙaho Guda

Ɗan fari ne, don haka ba zan rubuta sunansa a nan ba. Uwata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba har ta koma ga Allah, ni ma da na haihu ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, bakina ne kawai ya ƙi. In ina nemansa sai in ce "kai". In ana maganarsa sai in duƙar da kai in ci gaba da tankaɗe kamar ba da ni ake ba. Ba a ɗaukar ɗan fari gaban mutane, ba a yabonsa, ba a shiga faɗansa. Macen da ta yi ɗaya daga cikin waɗannan, a unguwarmu ta Tawa, sai an daɗe ana nuna ta da baki a bakin pampo.

Da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta tafi da shi Barmu, can ya yi wayo. Shekarar da aka karya darajar kuɗi tsohuwar ta rasu, aka maido mini shi da ƴar jakar kayansa, yaro siriri mai manyan kunnuwa da ban san yadda zan dube shi ba. Ubansa yana Abijan wajen bida, neman kuɗi. A gidan daga ni sai yayar mijina, wadda nake ce wa Yaya, sai jaririyata mace da nake goyo. Yaya ce ta karɓi riƙonsa a idon duniya. Ita ke miƙa masa kwano, ita ta kai shi lekol, makarantar boko. Ni kuwa ina tuyar ƙosai a ƙofar gida da safe, ina kallonsa ta gefen ido in ya fita da allonsa na lekol a hammata.

Ta gefen idon nan na fara ganin abin. Da farko bayan hannunsa ne ya saɓule, duk gaɓoɓin yatsu sun yi ja. Bayan ƴan kwanaki ya dawo da leɓe a fashe, yana tura tuwo ta gefe guda na baki. Sannan ƙulu ya fito masa a tsakar goshi kamar ƙwan zabo, ƙulun da ya ƙi sauka, don kafin na jiya ya sace an ɗora masa na yau. Wata safiya ina naɗe tabarmarsa na ga jini ya bushe inda yake sa hanci.

Na jira har Yaya ta tafi kasuwa, na same shi bayan madafa yana wanke ƙafa.

"Kai, wa ya yi ma wanga?"

"Ba kowa."

"Ba kowa ya hwasa ma baki?"

Ya dubi ƙasa, ya ce, "Metir ya ce ba a hwaɗi. Wanda ya hwaɗi ba ɗanai ba ne."

Ni ban yi lekol mai nisa ba, amma na san abin da yara ke ce wa malaminsu. Wasu su ce mushe, wasu su ce metir. Nan take hankalina ya koma kan malaminsa. Na san malamin, mutumin Damagaram ne da aka turo aiki Tawa, yana haya a bayan layinmu, matarsa tana sayen ƙosai wurina. Mutum mai sanyin gaisuwa. Na yi ta juya abin a raina, yadda za a yi mai irin gaisuwar nan ya riƙa buga goshin yaro da abu mai nauyi kullum, a wuri guda.

Da yamma muna tsince wake na ce, "Yaya, ko kin duba goshin yaron nan?"

"Na gani. Ke mi ya kai idonki can?"

"Cewa ya yi metir ne."

"To malami ya bugi yaro, sai mi? Ubanai ma an buge shi, ga shi can shina ciyar da ke. Ke dai ji kunya, ɗiyar nan."

Na ci gaba da tsince waken. Amma washegari na zuba ƙosai a kwano na rufe da faifai, na ce zan kai wa matar malam. Na same shi zaune kan tabarma a inuwar katanga, ya kwance cikin wata rediyo yana hurawa. Ya rame fiye da yadda na san shi. Shekarun nan ne da ma'aikata ke wata da watanni ba albashi, lekol a buɗe yau a rufe gobe, har mu iyaye mun daina sanin ranar da ake karatu. Na durƙusa nesa, na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye. Na ce akwai wani yaro a gidanmu, in ya yi laifi a yi haƙuri a riƙa bugunsa a ƙafa ko a baya, a bar kan.

Ya ajiye rediyon. "Madam, rabona da alli tun kafin azumi. Muna yajin aiki. Ajin a kulle yake, awaki ne ke kwana a barandar."

"Ai kullum da sahe shina hita da allo."

"To ba wurina yake zuwa ba. Me ya ce miki?"

Na faɗa masa. Ya ƙwala wa wani ɗan maƙwabta kira, ya tambaye shi wane ne Metir. Yaron bai amsa da baki ba. Ya ɗage ƙafa guda, ya kafa yatsa a gefen goshi kamar ƙaho, ya yi wani kuka irin na akuya, ya kai wa iska naushi. Malam ya yi dariya har da tari. Da na kwatanta masa ƙulun da jinin tabarma sai dariyar ta tsaya, ya shiga ɗaki ya sako riga.

Rumfar bidiyon da ya kai ni tana kusa da tasha, zana ce aka kewaye aka rufa tampol a sama. Mata ba sa shiga. Malam ya nuna mini wani wuri da zanar ta ɓule, na kafa ido, shi ya tsaya a gefena kamar mai jiran mota.

Ban taɓa ganin irin fim ɗin ba. Na san na Indiya, na san na Shinuwa, mutanen Sin, da ake tsalle ana duka, amma wannan zane ne, ba mutum ko ɗaya, dabbobi ne ke tafiya da ƙafa biyu suna sanye da riguna suna Faransanci. Garinsu yana gindin wani dutse mai tsini da ya shige cikin gajimare. A bisa dutsen akwai wani tsohon bunsuru, gemunsa fari har ciki, ƙahonsa guda ya karye, yana dogara sanda. Shi ne Metir. Ni dai bunsuru na sani, dabbar da ko kusa da randa ba ma bari ta zo don wari, ga shi nan dukan dabbobi suna faɗuwa gabansa suna gaisuwa.

Sai kuraye suka shigo garin da kulake. Tsohon ya sauko a hankali kamar mai ciwon gwiwa, ya jingine sandarsa. Kura ta farko ya soke ta da goshi ta tashi sama ta bi ta rufin wani gida. Ta biyu ya kama ta ta wutsiya ya yi ta maka ta da ƙasa dama da hagu har ta baje kamar fatar salla. Wata ya take mata wuya, idanunta suka fito waje suka koma. Haƙora suna zuba kamar tsabar masara. Yara a cikin rumfar suna ihu suna buga ƙasa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba jini. Kurar da ta baje ɗin nan, taurari suka ɗan kewaya kanta, ta girgiza jiki ta cika ta miƙe da gudu. Ba wanda aka ɗauka a amalanke, ba uwar da ta fito tana kuka.

Bunsurun yana da almajiri, wani ɗan zomo mai manyan kunnuwa, shi ne mafi ƙanƙanta a garin. Tsohon ya kai shi gaban wani falalen dutse, ya nuna da sanda. Zomon ya ja baya, ya sheƙo, ya kai wa dutsen karo, ya faɗi. Tsohon ya ce, "Ankor." Wannan kalmar ko ni na gane, a sake ke nan. Ya sake, ya faɗi. Ya sake. Har dutsen ya tsage biyu, tsohon ya ɗaura masa jar ɗamara a ƙugu.

A gefen telen, akwatin talabijin ɗin, wani dogon yaro yana tsaye, zai yi shekara goma sha huɗu, ƙanen mai rumfar ne. Shi ke fassara wa ƙanana. Bunsurun ya yi magana yana shafa gemu, dogon ya juyo ya ce, "Metir ya ce wanda ya yi kuka ba ɗanai ba ne. Wanda ya kai ƙara gida kura ne."

Malam ya yi tsaki a hankali. "Ba haka ya ce ba. Cewa ya yi a ɗora masa ruwan shayi."

A sahun gaba, a ƙasa, na hango kunnuwan da na sani. Allon lekol yana kan cinyarsa. Bakinsa yana motsi tare da na zomon, ya haddace duk abin da yake cewa ba tare da ya san ma'anarsa ba.

Malam ya shiga ya yi wa mai rumfar magana. Ina jinsu ta zana. Mai rumfar ya ce shi bai kira ɗan kowa ba, in malamai sun buɗe lekol rumfarsa za ta koma ta manya. Malam ya fito, muka taho tare har muka rabu a bakin layi.

Da na faɗa wa Yaya cewa fim ɗin yaran ke kwaikwaya a jikin juna, faɗan nasu bai dame ta ba. Ta ce ɗiyan ƙasarmu ta Adar da kokawa suke tashi, wanda bai sha ƙasa ba ba ya zama namiji. Abin da ya ɓata mata rai shi ne ƙaryar lekol, ita da ke tashi ta ɗumama masa tuwo don kada ya makara. Da ya dawo ta kama shi a tsakar gida ta ninka igiyar guga biyu. Ina madafa ina ji. Igiya jiƙaƙƙiya tana da wata ƙara a jikin yaro, kamar ana bugun wanki a kan dutse. Na jira kukan, don in ya yi kuka Yaya takan sassauta. Kukan bai zo ba. Na leƙa. Yana tsaye ƙafafu a ware, hannaye a dunƙule a ƙugu, idonsa kan katanga. Bayansa ya yi rudu-rudu, wani wurin ya fashe. Yaya ta yi ta bugu har numfashinta ya sarƙe, igiyar ta faɗi daga hannunta. Sai ya haɗa dunƙulen hannu da tafi, ya sunkuya mata, irin gaisuwar da zomo ke yi wa bunsuru.

Yaya ta ja da baya. "Wanga ɗa iska sunka taɓa shi."

Na koma gaban murhu na hura wutar da ba ta mutu ba, don a ce hayaƙi ne.

Na ɓoye takalmansa, ya fita ba takalmi. Na aike shi niƙa don in riƙe shi, ya ajiye kwanon a wurin mai inji ya wuce. Wata rana na gan shi a bayan gida shi kaɗai, ya jingina tubalin laka da katanga yana kai masa karo. Tubalin ya fashe. Ya tsaya yana layi kamar wanda ya sha wani abu, yana murmushi, jini yana bin gefen hancinsa. Na ce, "Kai, bari." Ya ce, "Inna, na laka ba wuya. Saura na siminti." Daga ranar, ko tuya nake in na ji an yar da wani abu mai nauyi a maƙwabta sai in bar kaskon in leƙa bayan gida.

Ranar da abin ya faru ana suna a gidan da ke ƙarshen layinmu. Bayan gidan akwai fili a gefen tabki inda masu gini ke buga tubali su shanya. Katangar gidan gajera ce, in ka miƙe tsaye kana ganin filin. Matan unguwa duk suna nan, da na Kalfu dangin mai jego, tsakar gida ba wurin sa ƙafa. An ba ni tuƙin tuwo, ina tsaye kan babbar tukunya da muciya, jaririyata a baya. Hantsi ya yi zafi.

Wata ƴar yarinya ta shigo da gudu tana dariya, ta ce wa uwarta, "Yau za a ba mai kunnuwa ɗamara."

Na miƙe na duba ta kan katanga. Yara sun yi da'ira a filin. A tsakiya an jingina bulon siminti da tarin tubali, daidai tsayin kan yaro. Dogon mai fassara yana tsaye a gefe da sanda, ya ɗaura tsumma fari a haɓa a matsayin gemu, jan ƙyalle yana rataye a wuyansa. Yaron nan yana durƙushe gaban bulon. Ya riga ya kai karo na farko. Da ya ɗago, fuskarsa ja ce gaba ɗaya, daga goshi har ƙirji, kamar an kwara masa. Ya miƙe, ya faɗi kan gwiwa, ya sake miƙewa.

Dogon ya buga sanda a ƙasa. "Ankor."

Yaran suka ɗauka, suna tafi. "Ankor, ankor."

Ban san lokacin da na fita ta ƙofar baya ba, muciyar tana hannuna, tuwo yana ɗiga. Na ji Yaya a bayana tana cewa, "Ke, ina za ki? Bari in tahi ni." Amma Yaya mace ce mai jiki, kafin ta miƙe daga tabarma an gama. Shi kuwa ya ja baya, ya ja baya sosai, har bakin tabki, don ya samu gudu. Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Kai!" Ba wanda ya juyo. Na ce, "Kai, yaro!" Filin cike yake da yara, kowannensu kai ne, kowannensu yaro ne. Wasu biyu suka waiwayo suka ga ba uwarsu ba ce suka juya. Ya taso da gudu. Tsakanina da shi akwai layin tubalin da aka shanya, ko ba goyo ba zan kai ba.

Sai na kira sunansa.

Ban san muryata tana da ƙarfin nan ba. Sunan ya fita cikakke, da irin jan da kakarsa ke yi masa a Barmu in ta kira shi daga gona. Yana cikin gudu ya juyo da kai wajena. Ƙafarsa ta harɗe, ya tafi a karkace, ya daki bulon da kafaɗa da gefen fuska. Na ji ƙarar ƙashi, ƙaramar ƙara, kamar an taka busasshen kara. Bulon ya kife ya faɗi dab da kansa.

Na tattaka tubalin mutane ɗanye na isa. Yana kwance idonsa biyu, hannunsa na dama ya saki, kafaɗar ta sauka ƙasa da inda take. Goshin ya buɗe, ina ganin wani abu fari a ciki. Dogon ya matso yana cewa, "Tashi. Bai hwashe ba, sai ka sake." Ya taɓa shi da sanda a haƙarƙari.

Na ɗaga muciyar na sauke wa dogon a gadon hanci. Tuwo mai zafi ya manne masa a fuska, gemun tsumman ya faɗi. Na ƙara masa a kunne. Ya yi baya, ya juya jiki irin na fim, ya sako mini ƙafa a ƙirji. Yaro ne amma doguwar ƙafa gare shi. Na tafi baya, na tuna goyo, na murɗa jiki na faɗi kan gwiwar hannu don kada in danne ta. Jaririyar ta tsala kuka. Na miƙe na sake bin sa, na kama rigarsa, na yi ta bugu, ban san inda nake samu ba. Hancinsa yana zuba, yana kiran innarsa, shi da ya ce wanda ya yi kuka kura ne.

Innar tasa tana gidan sunan. Auta ne a wurinta, ba kunyar da ta riƙe ta. Ta iso ta baya ta fizge mini kallabi, ta cusa yatsu a kitsona ta ja har na ji fatar kaina tana ɗagowa. Wata mata ta kwance goyon daga bayana, Allah ya saka mata. Muka kama juna muka faɗi cikin kwaɓaɓɓiyar laka. Ta cije ni a damtse, tabon yana nan. Na sa mata gwiwa a ciki. Ta samu rabin tubali ta buga mini a baki, na ji haƙorina na gaba ya tafi, na tofar da shi da jini. Tana cewa, "Marar kunya, a kan ɗan hwari? A kan ɗan hwari za ki kashe mini ɗa?" Ni wuyanta nake nema.

Masu gini ne suka raba mu, da malam, wanda ya zo cin tuwon suna ya tarar da wannan. Matan duk sun fito sun jeru a jikin katanga. Ba wadda ba ta ji sunan ba. Na ga wata tsohuwa ta rufe baki da gefen mayafi. Yaya tana tsaye da jaririyar a hannu, ba ta dube ni ba.

Na wuce ta gabansu, kai ba kallabi, zane duk laka, na durƙusa na ɗauki yaron nan. Rabona da ɗaukarsa tun yana shan nono. Ya yi nauyi, ƙafafunsa suna bugun gwiwata. Malam ya tsayar da mai amalanken jaki, muka hau.

A dispanser, ƙaramin asibiti, ma yajin aikin ya taɓa su, majo mai jinya kaɗai muka samu, shi ma yana shirin rufewa. Ya duba goshin, ya danna gefe da gefe da yatsa, ya haska masa ido da tocila. Ya ce ƙashin kai bai fashe ba, amma da ya ƙara ko sau ɗaya a wurin nan, ba nan za mu kawo shi ba. Ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ne ya karye. Ya ce zai ɗinke goshin amma ba shi da allurar kashe zafi, ta ƙare tuni, sai a riƙe shi da kyau.

Malam ya riƙe ƙafafu. Ni na zauna kan benci na sa kansa a cinyata na danne kunnuwan nan da tafin hannu biyu. Allura ta shiga. Jikinsa ya sandare, ya cije baki, ya dunƙule hannun da ke aiki ya kai ƙugu. Majo ya ja zare. Ba sauti.

Malam ya sunkuya kusa da fuskarsa. "Kai, saurara. Ni na ji Faransancin da kunnena. Bunsurun nan bai taɓa hana kowa kuka ba. Shayi yake nema."

Yaron ya dube shi, ya ɗago ido ya dube ni, da bakina mai jini da giɓin da babu shi da safe. Allura ta sake shiga. Sai ya buɗe baki. Kukan ya cika ɗakin har wata mai shara ta leƙo. Bai tsaya ba har aka gama ɗinkin aka naɗe, ni kuwa ban ce masa ya yi shiru ba.

A hanyar komawa, a kan amalanke, yana jingine da ni yana ajiyar zuciya. Muna wuce tasha ana jin ƙarar telen daga rumfa, kulake da ihun kuraye. Bai juya ba. Can ya ce, "Inna."

"Mi?"

"Ashe kin san sunana?"

Mai amalanken ya yi dariya. Ni na duba gefe.

Mai ɗori ya zo da yamma ya ɗaure kafaɗar. Mai unguwa ya tara mu da uwar dogon, aka ba kowa laifinsa, aka ce a yafi juna, muka yafi juna da baki. Ta bar sayen ƙosaina, ni ma na canza pampo. A sabon pampon ma labarin ya riga ni zuwa. In na ajiye bokiti sai wata ta kira ɗanta da ƙarfi, da irin jan da na yi, sauran su kwashe da dariya. Wata ta ce, "Ke da kinka iya kira, kira muna ruwa su zo." Nakan yi murmushi da baki a rufe saboda giɓin.

Yaya ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba sai ta kan jaririya. Ta aika wa ƙanenta saƙo Abijan ta bakin wani mai tafiya, ban san abin da ta ce ba, shi ma da ya dawo bai tayar da maganar ba, ya dai daɗe yana duban goshin yaron. Tabon ya warke ya bar layi fari daga tsakar goshi zuwa gira, kafaɗar dama kuma ta ɗan fi ta hagu sauka har yau, in ya sa riga ana gani.

Wata yamma, hannunsa yana rataye a tsumma, yana zaune a ƙofar gida yana kallon yara suna wucewa wajen tasha. Na ga ƙafarsa tana motsi. Yaya ta kwashe tuwo ta zuba miya a kwanonsa. Maimakon ta miƙe ta kai masa kamar kullum, sai ta turo kwanon gabana da ƙafa.

"Tunda kin riga kin hwasa, kira shi ya ci."

Na ɗauki kwanon. Na buɗe baki, sunan ya zo har kan harshe, ya tsaya. Yaya tana kallona, maƙwabciya tana shanya a kan katanga.

Na ce, "Kai."

Akwai yara da yawa a ƙofar. Shi kaɗai ya juyo, ya taso ya shigo.